Kukan Mota da Tsakar Dare Jawabi Ne

Duk lokacin da sanyin hunturu ya kankama, unguwanni da yawa sukan rasa barcin kirki. Ƙarfe biyu ko uku na dare sai jiniyar wata mota ta ɓarke da kuka, ta yi shiru, ta sake ɓarkewa, alhali ko akuya ba ta raɓe ta ba. Abin da ya fi kukan ɓata mini rai shi ne maganin da ake yi masa in gari ya waye. Mai mota ya nufi gareji, ɗan riwaya ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ce, “Alhaji, sikiriti ɗin ne ya haukace, bari mu yanke wayar kawai kowa ya huta.” Ya sa filaya ya datse, ya naɗe da salatif, ya karɓi kuɗinsa. An toshe bakin mai ba da shaida ke nan, laifin da yake faɗa kuwa yana nan daram.

Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Jiniya ba ta kuka sai wani abu ya taɓa ta, kuma wanda ya kamata a fara tuhuma shi ne batir. Lafiyayyen batir, idan mota ta kwana a kashe, yakan nuna kusan bolt 12.6 a mita. In ya sauko 12.2, to rabin cajinsa ya tafi. Wasu na'urorin tsaro an ƙera su ne su riƙa lura da faɗuwar wuta, domin idan ɓarawo ya buɗe ƙofa fitilar ciki takan kama ta ja wuta. Batirin da zafin bazara ya riga ya gajiyar, sanyin tsakar dare ya ƙara rage masa ƙarfi, sai na'urar ta ɗauka an buɗe mota. Shi ya sa kukan ya fi zuwa a lokacin da sanyi ya fi tsanani. Haka ma kan batir da ya yi sako-sako, ko wanda farin gari mai ratsin kore ya lulluɓe. In an tayar da inji, mita ta nuna kusan bolt 14. Idan ba ta kai ba, altaneto ba ya caji yadda ya kamata. Wanda ya yanke waya bai duba wannan ba, batirin da ya yi masa gargaɗi da dare shi zai ƙi tayar da mota ranar da yake gaggawar kai mara lafiya asibiti.

Bayan batir sai ɗan makunnin da ke bakin bonet, wanda ke shaida wa na'ura cewa bonet a rufe yake. Ƙura da maiko sukan daskare a kansa, robarsa ta cinye, iska kaɗan ta girgiza bonet sai jiniya ta tashi. Na ƙofofi da but ma haka suke. Akwai kuma mai jin girgiza, wanda masu ɗaura sikiriti na kasuwa kan murɗe har ƙarshe don su burge mai saye, daga nan tirela ta wuce ko a yi tsawa sai kuka. Motocin da ke da na'urar jin motsi a ciki kuwa, gilashin da aka bari a ɗan buɗe da carbin da ke reto a madubi sun isa. Wasu motocin Turai, irin su Volvo da Volkswagen, jiniyarsu na da ɗan batirinta a ciki, in ya tsufa yakan yi yoyo ya ɓata ta. Da yawan na'urorin nan ma sukan faɗi inda aka taɓa su, ta yawan ƙiftawar ƙaramar fitilar sikiriti, ko idan an jona kwamfutar bincike.

Na sha faɗa, ɗan riwayar da ba shi da mita bai cancanci a miƙa masa makullin mota ba. Mutum ya shekara goma a sana'a, kayan aikinsa ƙwan fitila ɗaya da goga waya a jikin ƙarfe ya ga tartsatsi! Ya fere wayar da kamfani ya rufe, ya murɗa wata a kai da yatsa, damina ta zo ruwa ya shiga. Wannan ganganci ne da dukiyar mutane, kuma irin wannan haɗi na iya jawo gobara.

Za a ce ai ba mai fitowa don jiniya ta yi kuka. Gaskiya ne, amma kukan ƙarya ne ya koya wa mutane toshe kunne. Za a ce maƙwabta na da haƙƙi, wannan kuwa babu musu: a kashe jiniyar na daren yau ta hanyar da littafin motar ya nuna, gobe a nemi dalili. Za a ce yanke waya ya fi arha, amma batun kuɗi shi ne mafi rauni, domin auna batir da wanke makunnin bonet aikin 'yan mintuna ne, alhali a wasu motocin sikiriti a haɗe yake da abin da ke hana inji tashi, in aka yanke wayar da ba ita ba sai an nemo janwe. Kafin a je gareji, mai mota ya riƙe lokacin da kukan ya zo, da ko an yi iska ko ruwa, da kwana nawa motar ta yi a ajiye, ya kuma ce a auna batirin a gabansa.