RA'AYINMU: Kada Shara Ta Zama Sandar Da Za A Kore Mu Da Ita



A watan Oktoba na shekarar 2023 gwamnatin Jihar Legas ta garƙame kasuwar Mile 12 da ta Owode Onirin a rana guda. Dalilin da Kwamishinan Muhalli, Tokunbo Wahab, ya bayar shi ne ƙazanta, wato tarin shara, da ƙona ta barkatai, da toshewar magudanan ruwa. Kwanaki kaɗan aka yi aka buɗe, to amma duk wanda yake da mota a kan hanya ɗauke da tumatir ko tattasai ya san abin da kwana biyu ko uku suke nufi. A watan Yuni na 2025 kuma sai abin ya faɗo kan mayankar Oko-Oba ta Agege, wadda muke kira Abbatuwa, ita ma saboda jini da kashin dabbobi da ake sakewa cikin kwata. Mahauta, da dillalai, da 'yan kamasho, da masu ɗaukar nama, har da mai shayin bakin ƙofa, kowa ya zauna hannu rabbana har ranar da aka cire kwaɗon.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, maganar da aka fi ji a majalisunmu ita ce ƙiyayya ce kawai, ba a son ɗan arewa. Ba mu ce babu masu ƙinmu ba, akwai su, kuma shafukan wannan takarda sun sha kawo labarinsu. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. A 'yan makonnin da aka rufe Mile 12, an rufe kasuwar Ladipo da ta Oyingbo, kuma waɗannan ba kasuwanninmu ba ne. Hotunan da aka nuna wa duniya kuwa ba zana su aka yi ba, da ƙafafunmu muke taka wannan caɓi kullum.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba mu kariya mai ƙarfi. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya ga dama, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asali, sashe na 43 kuma ya ba shi damar mallakar fili ko gida a ko'ina cikin ƙasar. Idan aka ce mu tashi don mu Hausawa ne, lauya yana da abin riƙewa a kotu. To amma wannan tsarin mulkin dai, a sashe na 20, ya ɗora wa gwamnati nauyin kare ruwa da iska da ƙasa, kuma Jihar Legas tana da dokarta ta muhalli ta 2017. Saboda haka wanda yake son ya tashe mu ba ya bukatar ya ambaci ƙabila ko kaɗan. Ya isa ya zo da mai ɗaukar hoto ya tsaya a bakin kwatarmu. Tun bayan rikicin watan Maris na 2016 ake ta maganar mayar da Mile 12 zuwa Imota, kuma kowace bola da muka tara hujja ce muke ƙara wa masu wannan magana, kyauta.

Waɗanda suke ganin shara ƙaramin abu ce su tuna da Shasha ta Ibadan. A watan Fabrairu na 2021, kamar yadda jaridu suka ruwaito, cacar baki ce a kan tumatir da ya zube a ƙofar wani shago ta zama faɗa, mutum guda ya rasu, daga nan wuta ta tashi. An yi asarar rayuka, an ƙone shaguna da gidaje, mutanen da aka haifa a unguwar suka kwana a filin Allah. Tsintsiya ɗaya da haƙuri kaɗan da sun isa a ranar.

Wa'azin tsafta kam an sha yi mana, har ya gundure mu. Abin da ɗan kasuwa yake nema shi ne a nuna masa yadda zai yi, da nawa zai kashe, da wanda zai taya shi. A nan ne muke ganin aikin ƙungiya yake.

Mu fara da kayan gwari, domin nan ne sharar ta fi yawa. Tumatir yana tasowa daga Kwanar Gafan ko Zariya ko Jos, ya yi tafiyar da ta kai kusan kilomita 1,000, a cikin manyan kwanduna da aka ɗora wani kan wani. Na ƙasa yana ɗaukar nauyin na sama, tsinken kwando yana huda shi, zafin mota yana dafa shi. Kafin a sauke, wani kaso ya riga ya fashe. Mai ɗan dama-dama a cikinsa a sayar da shi da araha, wanda Yarbawa ke kira esha, sauran kuwa, tare da ciyawa da takardar rufi da karyayyen kwando, su ne bolar da ake kama mu da ita. Wato mu sayi kaya da kuɗinmu, mu biya mota ta kawo shi, sa'annan mu sake biya a kwashe shi. Akwatin roba mai ramuka, wanda yake cin kimanin kilo 25, ya rage wannan ɓarna ƙwarai, saboda nauyin yana sauka a kan bakin akwati ne ba a kan kaya ba, iska tana shiga, kuma ana wanke shi a sake amfani da shi shekara da shekaru. Waɗanda suka gwada sun san haka. To me ya hana shi yaɗuwa? Abu biyu. Kuɗin sayensa ya fi na kwando nesa ba kusa ba, kuma shi kwando tafiyarsa ɗaya ce, alhali akwati sai an mayar da shi arewa, kuma idan ya ɓata a hanya babu wanda zai ce shi ne. Mutum ɗaya ba zai iya warware wannan ba. Amma idan sashen 'yan tumatir ya saya a dunƙule, ya buga tambarinsa, ya riƙa bayarwa haya, ya kuma zauna da shugabannin direbobi a yanka kuɗin mayarwa, magana ta ƙare. Mun iya haɗa kuɗi mu kai gawa gida cikin dare ɗaya, ba mu ga dalilin da zai sa wannan ya gagare mu ba.

Wanda ya ruɓe ɗin ma ba asara ce gaba ɗaya ba idan ba a cakuɗa shi da leda ba. 'Yan uwanmu masu lambu a wajejen Ojo da Iyana Iba suna neman taki, masu kiwo suna neman ganyen kabeji da ɓawo. Durom biyu a kowane layi, ɗaya na abin da yake ruɓewa, ɗaya na leda da roba, shi ne farkon aikin.

Haka batun yake a mayanka. Abin da ake fitarwa daga tumbi taki ne mai kyau idan aka tara shi wuri guda ya bushe, jini ma ana dafa shi a shanya a haɗa abincin kaji. Sai an sake su cikin kwata ne suke zama wari da ƙuda da ƙarar maƙwabta. Akwai kuma wata ɗabi'a da ba za mu rufa wa asiri ba, wato babbakar kai da ƙafa da ganda da tsohuwar taya. Hayaƙin nan baƙi yaranmu ne suke shaƙarsa tun asuba, kuma abin da ya manne a fatar cikin mutane yake shiga. Wanda ya ce icce ko gas ya yi tsada, a haɗa masu babbaka biyar ko shida a murhu guda a raba kuɗin. Sarkin fawa yana da ikon hana taya shiga mayanka in ya ga dama, kuma muna roƙonsa ya ga damar.

Masu abinci da masu shayi da masu tsire su lura da doka. Tun watan Janairu na 2024 Legas ta haramta farar robar nan mai kama da soso da ake zuba abinci a ciki, daga ranar 1 ga Yuli, 2025 kuma aka fara kama masu sayar da ledar da kaurinta bai kai maikiron 40 ba, da kofi da cokali da tsinken shan lemo na roba da ake yarwa bayan amfani ɗaya. Da yawa daga cikin mutanenmu ba su taɓa jin wannan ba sai ranar da aka kwashe musu kaya, domin sanarwar da Turanci da Yarbanci take fitowa. Wannan gyaransa a hannunmu yake. Duk sanarwar da ta fito daga ma'aikatar muhalli ko hukumar LAWMA, ofishin sakatare zai mayar da ita Hausa, da boko da ajami, a liƙa a masallatai da ƙofofin kasuwa, a kuma karanta ta a ajin yaƙi da jahilci na dare.

Sai 'yan gwangwan da 'yan bola, waɗanda akasarinsu yaranmu ne. Birnin da hukuma da kanta take cewa yana fitar da shara kimanin tan 13,000 a kullum, waɗannan yara ne suke tsince masa ƙarfe da gwangwani da gorar roba su mayar da su kamfani. A aikin kare muhalli babu wanda ya kai su wahala, kuma babu wanda ya kai su baƙin jini. Legas ta hana tura kurar shara tun 2018, Abuja kuma a watan Janairu na 2025 ta hana 'yan bola yawo a cikin gari bayan satar murafen kwalbati a manyan tituna. Ɓarayin da suka fake da sana'ar sun shafa wa kowa kashin kaji. Shawararmu ita ce kowane uban gida mai sikeli ya rubuta yaransa, a yi musu katin shaida mai hoto, ya kuma ƙi sayen murfin kwalbati da wayar wuta da ƙarfen gada ko da a kyauta aka kawo masa. Da wannan rajista ce za mu iya zuwa gaban hukuma mu nemi a san da zamansu a matsayin masu sana'a.

Yanzu ga maganar da wasu manya ba za su so ji ba. Babu ranar da ba a karɓar kuɗin shara a hannun ɗan kasuwa, daga mai rumfa har mai faranti. Ina kuɗin yake tafiya? Idan ana biyan 'yan kwangilar kwashe shara, a nuna mana rasit. Idan ana biya kuma ba sa zuwa, a rubuta takardar koke a ajiye kwafi mai hatimi, domin ranar da aka zo rufe kasuwa wannan takarda ce za ta yi magana, ba rantsuwa ba. Idan kuwa ba a biya, to waɗanda suka karɓa su ne suka rufe mana kasuwa, ba kwamishina ba. Muna kira da a riƙa liƙa lissafin kuɗin shara a allo duk wata. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Sharar safiyar Alhamis kuma, da ake rufe shaguna har ƙarfe 10, ba lokacin barci ko shan shayi ba ne. Maƙwabtanmu suna ganin wanda ya fito da wanda bai fito ba, kuma Iyaloja tana riƙe da sunan layi.

Ita ma gwamnati muna da bukata a wurinta, kuma haƙƙinmu ne mu faɗa. Rufe kasuwa baki ɗaya hukunta mai laifi ne da marar laifi tare, har da manomin da yake Kura bai san abin da ake ciki ba. A ba da gargaɗi a rubuce da wa'adi, a kama layin da ya ƙi gyarawa. A samar da manyan kwantenonin shara da motocin da za su zo a kan lokaci, da bayan gida da ruwa daidai yawan jama'a, tun da ana karɓar haraji. Jami'in da ya kama mutum ya kai shi kotu ko ya ba shi takardar tara ta hukuma. Ku kuma 'yan uwa, ku daina miƙa na goro a bayan mota, domin wanda ya karɓa yau zai dawo gobe da abokinsa. Duk wanda aka kama, ya riƙe ranar da wurin da lambar motar, ya kawo ofis.

Iyayenmu mata na Agege da Idi-Araba da Ketu, kwatar ƙofar gida ita ma tana cikin lissafi, musamman da damina, lokacin da ake juye shara cikin ruwan sama ana cewa zai tafi da ita. Ba ya kai ta ko'ina sai ƙofar maƙwabci, daga nan kuma ta dawo ɗakunanmu. A taron ƙarshen wata muna son kowane sashe, 'yan gwari da mahauta da masu abinci da 'yan gwangwan, ya turo mutum biyu, ɗaya daga cikinsu wanda ya iya rubutu, su zo da rasit ɗin shara na wata uku da suka wuce.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya