Matasan Hanwa, Kullum Mu Koyi Abu Ɗaya

'Yan uwana matasa, tun 2018 doka ta rage shekarun takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25. To, mu nawa ne a Hanwa muka shirya? Ga ABU a gefenmu tun 1962, amma datarmu a zagin 'yan adawa take ƙarewa.

Shawarata, kullum mu koyi abu ɗaya. Yau yadda BVAS ke tantance mai zaɓe, gobe yadda ake cike fom EC8A a rumfa, jibi aikin kansila. Wallahi ejan ɗin da bai san EC8A ba, a gabansa za a murɗe ƙuri'armu yana tafi.

Wanda ya ƙi koyo, a riƙon jakar wasu zai tsufa. Allah Ya sa mu gane.