Lasisi Ba Ya Kai Yaro Kujerar Matuƙi

Duk sanda jirgi ya ratsa ta saman gonarmu ta shinkafa a Kadawa, ɗana na uku sai ya ajiye lauje ya ɗaga kai har ƙarar ta ɓace. Ya ce mini, "Baba, Zariya zan je." Ya san akwai kwalejin koyon tuƙin jirgi a can tun 1964, kuma titin da ya ratsa Kura ne zai kai shi.

Abin da bai sani ba, lasisin tuƙi na kasuwanci ana samunsa ne da kimanin awa 200 a sama, kyaftin kuwa sai ya tara awa 1,500. Tsakanin nan ne yaranmu ke maƙalewa. Dole kuma a sake horo kan irin jirgin da za ka tuƙa, da dala ake biya. Shinkafar rani buhu nawa za ta biya wannan?

Ban ce a sassauta doka ba, ko kaɗan. Wanda zai sauke mutane a Kano cikin hazon hunturu, gara ya gogu. Amma mun ga gwamnatin Kwankwaso ta tura matasa 100 Jodan, suka dawo da lasisi, da yawansu suka daɗe suna jiran aiki.

Kamfanonin jiragen sama na Max Air da Azman da Rano Air duk na 'yan Arewa ne. Ya kamata gwamnatin Kano ta zauna da su, ta ɗauki nauyin horo na biyun, su kuma su yi alkawarin kujerar mataimakin matuƙi a rubuce, tun kafin a tura yaro ko ɗaya.