Tiram Ɗin Kolkata: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Yau mun ɗan ajiye labarin soyayya, za mu leƙa ƙasar Indiya, ƙasar da da yawanmu muka fara saninta ta cikin finafinai. Duk wanda ya kalli fim ɗin Kahaani na 2012 zai tuna wani tarago mai tafiya a tsakiyar titi tare da motoci, a kan dogo, yana jan wuta daga wayar da ke samansa. Shi ake kira tiram, kuma a kansa nake son yin tsokaci.

Tiram ya fara aiki a Kolkata ranar 24 ga Fabrairu, 1873, lokacin dawaki ne ke jansa. A 1902 aka mayar da shi na lantarki. Sauran manyan biranen Indiya ma sun yi nasu, amma ɗaya bayan ɗaya suka rufe: Madras a 1953, Delhi a 1963, Bombay a 1964. Kolkata kaɗai ta riƙe. A shekarun 1970 tana da hanyoyi kusan 50, amma zuwa 2024 waɗanda suka rage ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. A watan Satumba na shekarar ne gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta ce za ta dakatar da shi, sai ɗan guntun layi tsakanin Esplanade da Maidan don masu yawon buɗe ido. Jama'a suka fito zanga-zanga, maganar kuma ta shiga gaban babbar kotun birnin.

Hujjar hukuma ita ce tiram ba ya sauri, kuma titunan birnin sun yi kaɗan. Ban ƙi ba, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. To amma mai karatu, mu tambayi kanmu, wa ya cika titin? Tarago guda mai ɗauke da mutane da dama, ko jerin motocin da kowace ke ɗauke da mutum ɗaya ko biyu? Tiram ba ya hayaƙi, kuɗinsa kaɗan ne, leburori da ɗalibai da tsofaffi su ne abokan tafiyarsa. Hasali ma ba tsufa ne ya kassara shi ba, sakaci ne. An riƙa rufe layuka da sunan aikin gada ko na jirgin ƙarƙashin ƙasa, aiki ya ƙare ba a buɗe ba. Fasinja ya gaji da jira ya koma bas, sannan a ce ai babu fasinja.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Faransa ta taɓa yin irin wannan. Birnin Nantes ya tumɓuke tiram ɗinsa a 1958, da cunkoso ya ishe shi ya sake shimfiɗa sabo a 1985. Paris ta rufe nata a shekarun 1930, ta dawo da shi a 1992. Kuɗi biyu ke nan, na rusawa da na ginawa. Ita kuwa Hong Kong, da ta fara a 1904, ba ta saki nata ba, har yau taragunta masu hawa biyu suna kai mutane aiki da kasuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne batun guntun layin nan. A ganina wannan ba adana tarihi ba ne, ado ne kawai. An ƙwace abin hawan talaka an mayar da shi wurin ɗaukar hoton baƙi. Adanawa ta gaskiya ita ce a gyara dogo, a kula da birki da waya don tsaron rayuka, a ware masa hanyarsa, a kawo sababbin taragu su yi aiki tare da tsofaffin. Abin da ake mora kullum shi ke daɗewa, wanda aka jingine kuwa tsatsa ce ke gadonsa.

Wannan shi ne ra'ayina, mai wani kuma ƙofa a buɗe take. Allah Ya sa mu dace, amin.