Tukunya ba ta taɓa kai ƙarar alƙalami ba

Akwai wata tuhuma da ta daɗe tana yawo a majalisun maza, daga Maraɗi zuwa Damagaram, har cikin ɗakunan malaman lakwal: wai matar da ta kama rubutun littattafan soyayya ta saki gidanta ke nan, ko da ƙafarta ba ta taka ƙofar zaure ba. Ana cewa tuwonta zai ƙone, ƴaƴanta su tashi a hannun maƙwabta, mijinta ya koma baƙo a gidansa. Masu wannan magana sun riga sun yanke hukunci: ko gida ko alƙalami. To, amma don me ba a taɓa ɗora wa namiji wannan zaɓi ba? Babu wanda ya tambayi Abubakar Imam wa ke yi wa yara wanka sa'ad da ya duƙufa kan Magana Jari Ce a Zariya cikin shekarun 1930.

Tun kaka da kakanni Bahaushiya ba ta zaman banza a ɗakinta. Tana kaɗi, tana saƙa, tana suyar ƙuli-ƙuli, tana dama fura yara su kai talla, kuma ba a taɓa jin liman ya hau mumbari ya ce mai ƙosai ta tozarta aurenta ba. Rubutun labari ya shigo cikin jerin waɗannan sana'o'i na tsakar gida. Jarinsa littafin rubutu ne da biro, lokacinsa kuwa bayan sallar isha'i, in yara sun yi barci an kife kwanoni. Abin da ya raba shi da ƙuli-ƙuli ɗaya ne: yana magana. Nan ne gizo ke saƙar.

Duk wanda ya bi tarihin wannan adabi zai ga abin da yake faɗa. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin yarinyar da ta tsaya kan wanda take so. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƴar shekara 13 ko kusa da haka, sai daga baya ta koma karatun yaƙi da jahilci. Ita ce ta rubuta Budurwar Zuciya a 1987, sannan Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kwikwiyo Ne a 1990. A cikin na ƙarshen, wani alhaji ne ya kori uwargidansa Rabi da ƴaƴa 9 saboda amarya, Rabi ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Bilkisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa, ta cika littattafanta da ƴan mata masu neman ilimi da aure na mutunci. Wa ya rusa gida a waɗannan labarai, marubuciyar ko alhajin? Mai ƙin madubi ya san abin da ke fuskarsa.

Ƴan bokon Nijar suna da nasu kason na wannan munafunci. A azuzuwan Faransanci ana karantar da Une si longue lettre na Mariama Bâ, ƴar Sanagal, wanda ya fito a 1979 ya ci kyautar Noma a 1980. Malamar makaranta ce, uwar ƴaƴa 9, kuma zancenta bai wuce kishiya da takaba da wulaƙancin miji ba. Ana jinjina mata, ana ba ɗalibai jarrabawa a kanta. In kuwa aka kama ɗaliba da littafin Balaraba a jaka, sai a ƙwace a ce shirme ne na kasuwar Kano. Ciwo ɗaya matan nan biyu suka rubuta, harshe kaɗai ya bambanta. Wata madaba'a ta ƙasar Indiya mai suna Blaft ta fitar da fassarar Alhaki Kwikwiyo Ne da Ingilishi a 2012, yayin da a Kano, a 2007, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan Hausa da aka karɓe a makarantun ƴan mata aka cinna musu wuta a bainar jama'a.

Wahalar da ke cin marubuciya da gaske, wadda masu tuhuma ba sa ambata, tana farawa ne bayan ta ajiye biro. Tun shekarun 1980 da manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, marubuci shi ke biyan kuɗin bugu da aljihunsa. Mace takan yi adashi ko ta sayar da kayan ɗakinta, ta buga littafi kashi-kashi, na ɗaya ya biya na biyu. Daga nan sai dillalan kasuwa su karɓa bashi, biya sai an sayar. Namiji yana iya zarya kullum har a ba shi haƙƙinsa. Matar aure kuwa sai da izini za ta fita, sai ta aiki ƙane ko ɗa, a ce masa ya dawo jibi. Littafinta zai bi motocin Jibiya ya iso Maraɗi, ya bi ta Matamaye ya sauka Kasuwar Dole a Damagaram, a karanta shi gida goma, ita ko dala ba ta gani ba.

Wayar salula ta sauƙaƙa wani abu, ta kuma ƙaro wani nauyin. Yau marubuciya tana sakin labarinta shafi-shafi ta WhatsApp ko Wattpad, masu karatu su biya ta kai tsaye ba tare da dillali ba. Sai dai ita ce mai rubutu, ita ce mai talla, ita ce mai amsa saƙonnin masu jiran ci gaba da tsakar dare. Mutum ɗaya ya biya, ya tura wa ɗari kyauta. Lokacin da ake cewa ta sace wa iyalinta, yawancinsa a gadin guminta yake tafiya.

Gaskiya ne a cikin waɗannan littattafai akwai na gaggawa, akwai masu karya ƙa'idar rubutu, akwai ma masu batsa da ke yawo a wayoyi, kuma babu mai hankalin da zai kare su. Amma wadda ke rubutu da jariri a baya, ba edita, ba mai duba mata kuskure, ta ina aikinta zai goge? Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya buɗe wa mata zalla a 2016 ta nuna irin gwanintar da ke fitowa daga ɗakunan nan idan an sami alƙalai da lada. Ƙungiyoyin mata marubuta irin su Kallabi a Kano su ma sun nuna amfanin haɗa kai.

Saboda haka hukuncin ya kamata ya koma kan masu shi. Maigidan da ke alfahari matarsa tana ɗinki tana taimaka masa da kuɗin cefane, ya bar wa mai rubutu sa'o'i biyu na dare ba tare da gori ba, ya riƙe yaron da ke kuka. Dillali ya biya bashi kan lokaci. Mai karatun da ke tura littafin wata kyauta ya san haƙƙi ya ci. Malaman Hausa na kwalejojin Tawa da Yamai da Maraɗi kuwa, maimakon ƙwace littafin Balaraba daga jakar ɗaliba, su ɗora shi kan tebur kusa da na Mariama Bâ, su sa yara su gwada su biyun su faɗi abin da suka gani.