FILIN KIMIYYA: Hoton Da Ke Ganin Saiwa Tana Shan Ruwa



Da wuya a sami gida a zangonninmu da ba a taɓa tura wani nasa ɗaukar hoto a asibiti ba, ko dai na ƙirji saboda tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko na ƙafa bayan faɗuwa daga kan babur. Wannan hoto shi ake kira eksire. Wani Bajamushe malamin jami'a, Wilhelm Röntgen, shi ya gano haskensa a garin Würzburg cikin watan Nuwamba na 1895, kuma kafin shekarar ta ƙare ya ɗauki hoton hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe, nama kuwa sai inuwa-inuwa. A wannan wata muna so mu fitar da eksire daga asibiti mu kai shi gona, mu haɗa shi da wani ɗan'uwansa da yawancinmu ba mu taɓa jin labarinsa ba, domin maganar ta shafi gero da masarar da muke ci.

Bari mu fara da dalilin da ya sa eksire ke nuna ƙashi ya bar nama. Kowane abu a duniya an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atam. Kowane atam yana da cibiya, kuma akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, watau ilektiron, da ke kewaye da ita. Su ne ke tare hasken eksire. Sinadarin kalsiyam da ke cikin ƙashi yana da ilektiron 20, darmar da ke cikin batirin mota tana da 82, shi ya sa ma'aikacin ɗakin hoto ke fakewa a bayanta. Amma haidurojin, wanda shi ne atam biyu cikin ukun da suka haɗu suka zama ruwa, ilektiron ɗaya tak gare shi. Don haka ruwa ba ya tare eksire sai kaɗan.

Duk da haka masu binciken tsirrai sun ci moriyar eksire ƙwarai, musamman bayan Godfrey Hounsfield na Ingila ya ƙera na'urar da ke zagaya abu tana ɗaukarsa ta kowane gefe, kwamfuta ta harhaɗa hotunan. An fara gwada ta a kan majinyaci a Landan a 1971. Da irin wannan na'ura ana iya leƙa saiwa a cikin tukunyar ƙasa ba tare da an tumɓuke tsiron ba. A 2016 masana daga Faransa da Senegal da Jami'ar Nottingham ta Ingila suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan saiwar gero, inda eksire ya taimaka musu. Sun nuna cewa da zarar gero ya tsira, saiwarsa ta farko takan nutsa ƙasa da sauri tana neman laima, kuma ƙananan saiwoyin da ke fita a gefe iri uku ne. Manomin da ya taɓa ganin geronsa ya jure farin da ya biyo bayan ruwan shuka, alhali masarar maƙwabcinsa ta ƙone, ba zai yi mamakin wannan ba.

To, eksire ya nuna inda saiwa ta bi. Amma ta ina take shan ruwa, kuma yaushe? Nan ne niyutiron ya shigo. Shi niyutiron wata ƙwaya ce da ke zaune cikin cibiyar atam, wadda James Chadwick ya gano a Kambirij a 1932. Ba ya ɗauke da lantarki, saboda haka ba ruwansa da ilektiron. Yakan ratsa su ya wuce, sai in ya ci karo da cibiya. Cibiyar haidurojin kuwa kusan nauyinsu ɗaya da shi, kuma ta fi yawancin sauran iya kautar da shi daga hanya. Sakamakon haka sai al'amarin ya juye: niyutiron yakan ratsa darma da alminiyam da yashi cikin sauƙi, amma ɗan ruwa kaɗan ya isa ya bar inuwa a hoto. Da za a ɓoye fure cikin akwatin darma, eksire akwatin zai nuna, niyutiron kuwa furen zai nuna.

Abin da masana kan yi shi ne su shuka iri cikin siririn akwati na alminiyam, kaurinsa bai wuce na ɗan yatsa ba, su cika shi da ƙasa mai yashi, irin ta jigawarmu. Sai su ajiye shi a gaban bututun da ke feso niyutiron, su dinga ɗaukar hoto dare da rana tsiron yana raye. Da wannan dabara Andrea Carminati da abokan aikinsa suka yi bincike a Cibiyar Paul Scherrer ta ƙasar Suwizalan, a kan wani dangin wake da ake kira lufin, suka buga shi a 2010. Hankali zai ba mutum cewa ƙasar da ke manne da saiwa ita za ta fara bushewa, tun da can ake zuƙar ruwa. Hoton ya nuna akasin haka. Yayin da ƙasa ke bushewa, wadda ke jikin saiwa ta fi sauran laima. Da aka yi ban ruwa kuma, sauran ƙasar ta jiƙe nan take, ita kuwa ta jikin saiwa ta zauna a bushe, sai a hankali ta sha. Masanan sun danganta wannan da wani yauƙi da saiwa ke fitarwa, kamar na kuɓewa, wanda ke riƙe ruwa in yana ɗanye, in ya bushe kuma ya ƙi karɓar ruwa da wuri. A ganinmu wannan abin lura ne ga masu lambu: shukar da aka bari ta bushe ƙayau ba lalle ta amfana da ruwa a sa'ar da aka zuba mata ba.

Akwai wata hikimar kuma. Ana samun wani ruwa da ake kira ruwa mai nauyi, wanda ido ba ya bambanta shi da na randa, amma ba ya tare niyutiron kamar ruwan yau da kullum. In aka zuba shi a gefe guda na akwatin, sai a bi sawunsa a hoto yana shiga saiwa yana hawa kara. Ta haka aka gano cewa a ƙaramar masara, ƙananan saiwoyin gefe su ne masu shan yawancin ruwa, manyan kuwa aikinsu ya fi kama da na bututu mai kai shi sama. Mai neman irin da zai jure fari yana bukatar sanin wannan, don ya san wace saiwa zai duba in yana zaɓe.

Kada wani ya je asibiti ya ce a yi masa hoton niyutiron. Jikin mutum fiye da rabinsa ruwa ne, ba zai ratsu ba, ga shi kuma niyutiron yakan bar abin da ya daka yana fitar da haske mai cutarwa na wani lokaci. Haka nan mu tuna akwati mai kaurin yatsa ba gona ba ne. Babu gara, babu tsananin rana, babu taki irin namu.

Babbar matsala ita ce samun niyutiron ɗin kansa, domin sai da tukunyar nukiliya ko wata babbar na'ura makamanciyarta. Cibiyar Laue-Langevin da ke Grenoble a Faransa tana da tukunya mai ƙarfin megawat 58, kuma a can an girka eksire da niyutiron wuri guda, ana haska abu ɗaya da su duka biyu, wannan ya nuna ƙasa da duwatsu, wancan ya nuna ruwa. A yankinmu na Afirka ta Yamma akwai tukwane biyu na bincike, ɗaya a Kwabenya kusa da Ankara, wadda ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1990, ɗaya kuma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004. Kowacce ta fara aiki ne da ƙarfin kimanin kilowat 30, watau ta Grenoble ta ninka wannan kusan sau dubu biyu. Babban aikinsu shi ne horar da ɗalibai da auna sinadaran da ke cikin ƙasa da hatsi da ma'adinai.