Wanda Ya Ci Ladan Kuturu: Magana Kan Na'urorin Wasan Nintendo da Fatakensu



Wani zai yi mamakin ganin mun ɗauki alƙalami a kan wasan allon talabijin, mu da furfura ta riga ta kama mana gemu. To, ruwa ba ya tsami banza. Da wuya ka ratsa unguwa a zangunanmu ba ka tarar da shagon da samari suka cika suna buga ƙwallo a allo ba, kuma kuɗin da ke tafiya wajen sayen waɗannan na'urori daga aljihun iyaye da yayye yake fitowa. Abin da ke cin kuɗin gida kuwa, wajibi ne manya su san kansa. Ban da haka, mun gaji da jin wata magana da samari ke maimaitawa kamar karatun allo: wai na'urar Nintendo ba ta da ƙarfi, shi ya sa manyan wasanni ba sa zuwa kanta. Mun bi diddigin wannan magana, muka tarar rabinta gaskiya ne, sauran rabin kuwa uzuri ne da 'yan kasuwa suka ƙaga, 'ya'yanmu suka haddace musu kyauta.

Bari mu fara da bayanin masu hannu a harkar, domin wanda bai san ta ba. Su uku ne. Na farko mai ƙera na'ura, kamar Nintendo da Sony na Japan, ko Microsoft na Amurka. Shi ne tamkar mai masauki. Na biyu kamfanonin waje masu ƙirƙirar wasanni su kawo kan na'urar wani, irin su EA na Amurka da Ubisoft na Faransa. Su ne fatake. Na uku shi ne abin da ake kira injin wasa. Wannan inji ba ƙarfe ba ne, manhaja ce babba da ke ɗauke da aikin da kowane wasa ke bukata: zana hoto, saka haske da inuwa, lissafa yadda ƙwallo zai tashi ya faɗo, fitar da sauti. Mai ƙira ba ya fara waɗannan daga tushe a kowane wasa, yana ɗora aikinsa ne a kan injin da aka riga aka gina. Sanannu a cikinsu su ne Unreal na kamfanin Epic, da Unity, da Frostbite na EA. Idan masu inji suka daidaita shi da wata na'ura, sun share wa ɗaruruwan wasanni hanya zuwa gare ta. Idan suka ƙi, sun toshe hanyar. Masaukin da babu hanya zuwa gare shi, ayari ba ya sauka.

Yanzu ga labarin Wii U. A bajekolin wasanni na E3 na shekarar 2011, shugaban EA na lokacin, John Riccitiello, ya hau dandalin Nintendo ya yi alkawarin haɗin gwiwar da ba a taɓa ganin irinsa ba. Na'urar ta fito a watan Nuwamba 2012. EA ta kawo mata wasanni huɗu kacal, cikinsu har da FIFA 13 wanda masu sharhi suka lura ya fi kama da na shekarar da ta gabata. Kafin watan Mayu 2013 ya ƙare, wato wata shida da fitowar na'urar, kamfanin ya bayyana cewa babu wani wasa da yake shirya mata. Babban ma'aikacinsu na injin Frostbite, Johan Andersson, ya ce sun gwada tsohon injin a kanta, sakamakon bai ƙarfafa gwiwa ba, sai suka bar zancen. A watan Maris na wannan shekara kuma, da aka tambayi Mark Rein na Epic ko sabon injinsu Unreal na huɗu zai yi aiki a Wii U, dariya ya yi. Ubisoft ita ma ta ɗage fitowar Rayman Legends, wasan da aka yi alkawarin na Wii U ne kaɗai, saura makonni ya fito, domin ta kai shi na'urorin wasu.

Ba za mu ɓoye abin da yake gaskiya ba. Wii U tana da rauni, kuma Nintendo yana da nasa laifin. Ma'ajiyar aikinta gigabayit 2 ce, rabi ne kawai aka bar wa wasanni, alhali PlayStation 4 da Xbox One da suka fito a 2013 kowace tana da 8. Ƙwaƙwalwarta ta gaji tsarin da Nintendo ke tafe a kai tun GameCube ta 2001, su kuwa abokan hamayya sun koma tsari irin na kwamfuta, wanda masu ƙira suka saba da shi. Sunan ma ya ruɗa jama'a, da yawa suka ɗauka ƙarin kaya ne na tsohuwar Wii. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Wii ta sayar da fiye da miliyan 100, Wii U ta tsaya a miliyan 13 da rabi, aka daina ƙera ta a farkon 2017.

Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. A wannan wata na Mayu da aka ce Frostbite ya fi ƙarfin Wii U, labari ya fito cewa EA tana gyara injin domin wayoyin hannu. Unreal na huɗu da aka yi wa Wii U dariya a kansa, bai daɗe ba ya sauka a wayoyi. Muna tambaya: injin da za a iya lanƙwasawa ya shiga wayar aljihu ta wancan zamani, shi ne ba za a iya lanƙwasawa ya shiga na'urar da ke jone da wutar gida ba? A cikin EA ɗin ma, ma'aikatan Criterion sun fitar da Need for Speed: Most Wanted a Wii U a Maris 2013, aka yaba cewa hotonsa ya fi na PlayStation 3 da Xbox 360 kyau. Da aka so, an iya. Abin da ya faru lissafi ne: fatake sun leƙa, sun ga masu saye kaɗan ne, suka juya. Da suka juya, masu saye suka ƙara raguwa, sai raguwar ta zama musu hujjar cewa da ma sun faɗa. Mutum ya janye itace daga murhu, sannan ya zargi tukunya da ƙin tafasa.

Wanda ke shakka, ya dubi Switch. Ta fito ranar 3 ga Maris 2017, ƙwaƙwalwarta Tegra X1 ce ta kamfanin Nvidia, wadda aka ƙera tun 2015 domin ƙananan na'urori, ma'ajiyar aikinta gigabayit 4. Ba ta kai PlayStation 4 ƙarfi ba, wadda ta girme ta da fiye da shekara uku. In da rauni ne ke kashe na'ura, da an yi jana'izarta a shekarar farko. Sai dai wannan karon Nintendo ya gyara hanya: Unity da Unreal na huɗu duka sun yi aiki a kanta tun farko. Jama'a suka saya, sai ga abin da aka ce ba zai yiwu ba yana ta yiwuwa. Wani ƙaramin kamfani a jihar Texas, Panic Button, ya ɗora Doom a kanta a Nuwamba 2017. Fortnite ya zo a 2018. A Oktoba 2019 Saber Interactive ta dunƙule The Witcher 3, wasa mai faɗin duniya, a cikin kati ɗaya. An rage kaifin hoto, an rage ganyen itatuwa, amma wasan cikakke ne daga farko har ƙarshe. Na'urar ta wuce miliyan 140 a kasuwa.

Sai mu zo kan abin da ya fi ɓata mana rai, domin ya shafi wasan da 'ya'yanmu suka fi so. Tun 2016 EA ta mai da FIFA kan injin Frostbite. Amma FIFA 18 da ta kawo wa Switch a kan wani tsohon tsari aka gina shi, babu wasu sassa da masu PlayStation suka samu. Daga FIFA 20 har zuwa FIFA 23, shekara huɗu a jere, abu guda aka riƙa sayarwa: a sauya riguna, a sabunta sunayen 'yan wasa, a canza lamba a bango, a karɓi kuɗi. Abin ya kai ga wani mai sharhi a mujallar IGN, da aka ba shi FIFA 21 ya auna, ya kwafo sharhinsa na bara ya sake bugawa, ya ba wasan maki 2 cikin 10. Sai a watan Satumba 2023, bayan Switch ta haura miliyan 120, ga EA Sports FC 24 a kanta, da Frostbite ɗinsa. Na'urar ba ta ƙara ƙarfi ba. An rage gudun hoto daga 60 zuwa 30 a sakan. To me ya hana a yi haka shekara shida da suka wuce?

Akwai kuma wata dabarar ta kauce wa aiki. Wasu kamfanoni sukan bar wasan a kwamfutocinsu na nesa, su riƙa turo hotonsa ta intanet. Haka Square Enix ta yi da jerin Kingdom Hearts a 2022, alhali na farkonsu tun 2002 ya fito a PlayStation 2, na'urar da Switch ta fi nesa ba kusa ba. Mu da muka san tsadar data da yankewar layi a garuruwanmu, mun san wannan ba ciniki ba ne da aka yi da mu a zuciya. Ka biya kuɗi, ba ka riƙe komai ba, ranar da suka rufe kwamfutocinsu kuma wasanka ya tafi.

Za a ce mana: kamfani ba gidan sadaka ba ne, gyaran inji yana cin kuɗi da ma'aikata, kuma EA ta rubuta a fili cewa waɗancan wasanni babu sabon abu a cikinsu. Mun ji, kuma mu jikokin fatake ne, ba mu jahilci riba ba. Ba mu ce dole kowa ya kai kayansa kowace kasuwa ba. Kamfanin da ya ce, "Wannan kasuwa ba za ta biya mu ba," ya faɗi gaskiya, mun sallame shi. Wanda muke tuhuma shi ne wanda ya yi alkawari a gaban duniya har mutane suka sayi na'ura saboda maganarsa, sannan ya zame ya ɗora wa ƙarfe laifi. Da kuma wanda ya ga kasuwar ta cika, ya zo da kayan bara a sabon buhu. Rubutun gargaɗi da ƙananan haruffa cikin Turanci ba ya wanke shi a wurin uwar da ta ga sabuwar lamba a bango ta biya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. In ka karɓi kuɗin mai ƙaramar na'ura, ka yi masa aikin da na'urarsa za ta ɗauka. Aikin ganin dama ma laifi ne: Mortal Kombat 1 ya zo Switch a 2023 a kan dala 70, daidai da farashin manyan na'urori, da fuskokin da suka zama abin dariya a intanet.

Tarihin wannan sana'a ma yana bayanmu. Game Boy ta fito a 1989 da allo marar launi, ƙarƙashin jagorancin Gunpei Yokoi, wanda ya yi imani da amfani da tsohuwar fasaha mai araha ta sabuwar hanya. Game Gear ta Sega da Lynx ta Atari sun fi ta ƙarfi, suna da launi, amma suna shan batir kamar rairayi na shan ruwa. Game Boy ta bar su a baya, masu ƙira kuma suka yi tururuwa zuwa gare ta, babu wanda ya yi kukan rauni.

Saboda haka muna kira ga samarinmu: ku daina riƙe wa kamfanoni uzurinsu. In kun ji an ce na'ura ba ta da ƙarfi, ku tambaya: ƙarfin yin me, kuma wa ya gwada? Ga iyaye da yayye masu aiko da kaya daga waje, da masu sayen na hannu a kasuwa, kada ku sayi na'ura a kan alkawarin abin da zai zo, ku saya a kan abin da ya riga ya zo. Ku tambaya ko wasan yana cikin katin ne ko sai da intanet. Ku tambaya ko na bana ne da gaske, ko na bara ne aka sauya wa riga. Wanda aka kawo wa Wii U da araha kuma ya sani cewa Nintendo ya rufe shagonta na intanet tun Maris 2023, sai abin da ya samu a faifai. Masu shagunan wasa, ku ne kuka fi kowa sanin waɗannan abubuwa, amana ce a wuyanku ku faɗa wa mai saye gaskiya ko da cinikin zai ɓaci.

Wanda yake ganin mun yi kuskure a wani wuri, ƙofa a buɗe take, ya kawo hujjarsa da shekara da suna kamar yadda muka kawo tamu.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.